David Heathcote, Babbar Riga da Tarihin da Ya Tsaya a Bakin Iyaka

Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar fada ranar Sallah, a Magarya ne ko a Dungas, ya san ido kan fara sauka a kan babbar riga kafin ya kai ga fuskar mai ita. Aiki ya taso daga bakin wuya ya malale aljihun hagu, asake sun jeru tsininsu na kallon ƙasa, tambari ya naɗe a ƙirjin dama, sauran zaren ya haura kafaɗa ya gangara gadon baya. Dattijon da ya san kaya, tun daga nesa zai gaya maka aska biyu ce ko aska takwas, aikin hannu ne ko na keke, ya kuma yanka mata kuɗi bai yi nisa da gaskiya ba. Amma tambaye shi wa ya fara zana wannan fasali, a wane gari, a zamanin wane sarki, ko me ya sauya tsakanin rigar kakansa da tasa, sai ya ce maka haka aka tarar. Akwai wani Baturen Ingila da wannan amsa ba ta ishe shi ba, har ya share shekara goma sha biyu a Zariya yana bin diddiginta. Sunansa David Heathcote. Abin da nake son kafawa a nan shi ne, tambayoyin mutumin nan sun fi littafinsa da kayan da ya tara amfani gare mu, kuma har yau suna jiran a yi su yadda ya kamata a wannan gefe na iyaka, a ƙasar Magarya da Dungas ta Nijar, inda Hausar ɗaya ce, rigar ɗaya ce, amma abin da aka rubuta kan fasahar wurin bai taka kara ya karya ba.

An haifi Heathcote a Landan a 1931. Asalinsa mai zane ne da sassaƙa. Ya yi karatu a kwalejin zane ta Canterbury, daga nan ya wuce makarantar Slade ta Landan, wadda ke cikin manyan makarantun zane na Ingila. Ya koyar a Rodeshiya, ƙasar da ake kira Zimbabuwe yanzu, kafin ya iso Jami'ar Ahmadu Bello a 1967, jami'ar na da shekara biyar da kafuwa, Nijeriya kuma na shiga yaƙin basasa. Ya zauna yana koyar da tarihin fasaha har 1979, shekarar da ya kammala kundin digirinsa na uku a kan aikin zare a tufafin Hausawa, sannan ya koma Canterbury ya ci gaba da koyarwa. A tsakanin nan ya yi ta fitar da maƙalu a mujallu irin su African Arts da Savanna da Nigerian Field da Man: wata a kan hular hannu, wata a kan ire-iren ɗinkin da ake aikin riga da su, wata a kan wani maɗinki na Katsina, wata a kan wani baduku na birnin Zariya, wata a kan rigar layu, wata kuma a kan tarin zanen riguna da ya samu a Kano. Kasancewarsa mutumin da hannunsa ya saba da alƙalami da buroshi ya bayyana a irin abin da idonsa ke kamawa. Masanin tarihin sarauta idan ya ga riga, muƙamin wanda aka yi wa kyautarta yake gani. Masanin tattalin arziki kuma kuɗinta da hanyar fataken da ta bi. Shi Heathcote layin yake bi, inda ya miƙe, inda ya lanƙwasa, da inda hannun wannan mai zane ya rabu da na wancan.

Ba za a gane nauyin abin da ya yi ba sai an san yadda fagen yake kafin ya shigo. A tsakiyar ƙarni na 20, idan masanan Ingila suka ce fasahar Afirka, sassaƙen itace da zubin tagulla suke nufi: kawunan Ife, tagullar Benin da sojojin Ingila suka kwashe a 1897, fuskokin dodanni, gumakan Yarbawa. Jagoran fagen shi ne William Fagg na gidan tarihin British Museum, wanda ya rayu daga 1914 zuwa 1992, ya kuma wallafa Nigerian Images a 1963. Ƙanensa Bernard Fagg shi ya fito da sunan kawunan yumɓu na Nok, ya buɗe gidan tarihin Jos a 1952. Mutane ne masu ilimi, ba na rage musu komai. William Fagg ma ya sha wahalar gano sunayen masassaƙan Yarbawa ɗaya bayan ɗaya, a lokacin da wasu ke ɗaukar sassaƙen Afirka kamar ba shi da mai shi. Sai dai ma'aunin da suka riƙe siffar mutum ce ko ta dabba, kuma duk ƙasar da ba ta sassaƙa gunki sai ta faɗo daga ma'aunin. Ƙasar Hausa, inda Musulunci ya daɗe da kafuwa, ta zama kamar fili a taswirarsu, alhali tana cikin ƙasashen da suka fi yawan masu sana'ar hannu a Afirka ta Yamma. Heinrich Barth da ya shiga Kano a 1851 ya tarar da tufafin da aka saƙa aka rina a can suna kaiwa Tambutu da Gat da Murzuk har Tarabulus. Barin gunki bai kori ƙawa daga ƙasar ba, mazauni kawai ta sake: ta koma ƙirjin riga, da goshin soro, da sirdin doki, da fuskar allo, da bayan ƙwarya.

A ɗauki rigar hannu guda a bi ta daga farko. Masaƙi ya saƙo zugu siriri, faɗinsa bai wuce 'yan yatsu ba, fari ne, ko saƙi mai kama da gashin zabo, ko na tsamiya, wato silikin daji da ake samu daga saƙar wata tsutsa. Maɗinki ya yanka, ya yi ta harhaɗawa har riga ta tashi. Kafin allura ta taɓa aljihu sai an kai shi wurin mai zane. Shi kuwa ya shimfiɗa ƙyallen, ya tsoma alƙalamin kara cikin tawada, ya ja asake da tambari da gidan biyar da dagi daga kansa, idonsa ne ma'auninsa. Daga nan mai aiki zai zauna a zaure, ko a gindin bango inda haske ya fi kyau, ya bi layin tawadar da zare: wani wuri ya yi sarƙa, wani wuri ya kwantar da zare ya danne shi da wani, wani wuri ya huda ƙananan ramuka ya zagaye kowanne har fili ya cika kamar saƙar zuma. Aikin kan ci watanni. A ƙarshe a yi mata shafi a gindi, a kai wa mabuga su ɗora ta kan gungume su yi ta duka har ta ɗauki sheƙi. Hannu biyar ko shida ke nan a riga guda, kowanne da sana'arsa da ladansa. Abin da Heathcote ya jawo hankali a kai shi ne, alƙalamin nan da tawadar nan na makarantar allo ne, kuma da yawa cikin masu zane da masu aikin malamai ne da gardawa da almajirai waɗanda allura ke ciyar da su a lokacin neman karatu. Irin hannun da ke zayyanar allon sauka, yake jan hatimi a takardar laya, shi ne ke jan gidan biyar a aljihu. Wannan kaɗai ya isa ya rushe zaton cewa addini ya danne fasaha a ƙasar Hausa, tunda ga shi a tsangaya aka yi renon wani babban reshenta.

Tambayar "daga ina, kuma yaushe" ita ce ta mayar da aikin ya zama tarihi. William Fagg ya shahara da ra'ayin cewa kowace ƙabila na da salonta da ke kulle a cikinta, ra'ayin da masana irin su Sidney Kasfir suka zo suka soka daga baya. Babbar riga tun asali ba ta shiga wannan akwati, harshenmu ma ya ba da shaida: muna cewa girken Nufe, muna cewa 'yar Dikwa, muna cewa zanna bukar, alharini kuwa, jan silikin nan da ake shafi da shi, a bayan raƙuma ya ratso hamada daga Tarabulus. Colleen Kriger da Judith Perani, waɗanda suka yi aiki bayan Heathcote, sun nuna rawar da masaƙa da maɗinkan Nufe suka taka a rigunan daular Sakkwato, da yadda kyautar riga daga sarki zuwa bara ta yaɗa fasali guda daga wannan masarauta zuwa waccan. Riga tana iya zama saƙar Nufe, rinin Kura, aikin Zariya, a wuyan attajirin Damagaram. Shi kansa Heathcote bai maƙale wa tsohon kaya kaɗai ba. Ya rubuta a kan hular hannu a daidai lokacin da take bunƙasa, sababbin fasali na fitowa kasuwa na laƙaba musu sunaye. Ya kuma rubuta a kan Musa Yola, mai zanen bango da ya ƙawata gidaje a ƙasar Zazzau da fenti da siffofin zamani. Mai neman tsantsar gargajiya zai kau da kai daga irin wannan ya ce gurɓata ce. Heathcote ya ɗauke shi shaida ce cewa fasahar na da rai, kuma abin da ke sauyawa a gaban idonka yau, jiya ma ya sauya. Kowane fasali akwai ranar da babu shi, akwai kuma mutumin da ya fara jan sa.

Aikinsa ya fita idon duniya a 1976, lokacin Bikin Duniyar Musulunci da aka yi a Landan, inda manyan gidajen tarihi suka baje kayan fasahar Musulmi, daga Alƙur'anai rubutun hannu zuwa dardumomin Farisa. Heathcote ya shirya nunin fasahar Hausawa a cibiyar Kwamanwel, ya rubuta littafin da ya raka shi mai suna The Arts of the Hausa. Ba ƙaramin abu ba ne a ajiye aikin maɗinkin Kano da na badukun Zariya a sahun fasahar Musulunci ta duniya, a zamanin da littattafan wannan fanni kan tsaya a bakin Sahara kamar babu Musulmi a kudancinta. Amma a dubi gidan da aka yi nunin. Kwamanwel a lokacin ƙungiyar ƙasashe renon Ingila ce, Nijar ba ta ciki. Jami'ar da yake aiki ta Nijeriya ce, garuruwan da suka fi fitowa a rubutunsa Zariya da Kano da Katsina ne, wani fim da ya yi ma sunansa ya tsaya ga arewacin Nijeriya. Ba laifinsa ba ne, mutum inda ya sauka nan ya fi sani. Sai dai abin da ya biyo baya shi ne, mafi yawan abin da duniya ta sani da sunan fasahar Hausa, fasahar manyan biranen daular Sakkwato ce.

Ƙasar Magarya da Dungas kuwa ba a cikin wannan daula tarihinta ya gudana ba, kuma nan ne maganar ta shafe mu kai tsaye. Da jihadi ya ci Daura a farkon ƙarni na 19, gidan sarautar Haɓe bai mutu ba, ya ja gefe ya kafu a Zango da Baure, rassansa suka bazu a ƙasar da ke arewa, suna jingine da Damagaram. Dungas da Wacha suna cikin tsofaffin sarautun Tsotsebaki, waɗanda suka yi hulɗa da Barno tun kafin Damagaram ta yi ƙarfi ta mamaye su. Yanki ne da ya zauna tsakanin Kano da Barno da Azbin, fadarsa na kallon Zinder da Kukawa, kasuwarsa na kallon Kano. Duk mai son tarihi zai so ya san me wannan zama ya haifar a tufa da gini da kayan doki. Fadawan da suka ƙi bin tutar Sakkwato, sun riƙe wani yankan riga ko wani naɗi da ya bambanta? Ina salon Barebari ya tsaya, ina na Kano ya fara? Sannan Turawa suka zo. Faransa ta kama Zinder a 1899, yarjejeniyoyin 1904 da 1906 suka daidaita iyaka, aka bi ta da turaku daga 1906 zuwa 1908, layin ya ratsa tsohuwar ƙasar Daura. Ba'amurken nan William Miles ya nuna a littafinsa Hausaland Divided na 1994 yadda ƙauyuka biyu maƙwabta, Yekuwa ta ƙasar Magarya da Yardaji ta ƙasar Daura, suka wayi gari da makaranta daban, kuɗi daban, sarauta mai ƙarfi daban. Irin abin da ya yi wa siyasa da zaman jama'a shi ake buƙata a yi wa allura da alƙalami. Ilimin ma kansa iyakar ta tsaga shi biyu: abin da aka rubuta kan Zariya yana cikin Ingilishi, abin da André Salifou ya rubuta kan Damagaram a 1971 yana cikin Faransanci. Ɗalibin Zinder da na Zariya kowa rabin labari yake karantawa, maɗinkin da ake magana a kansa kuwa ko ɗaya ba ya isa gare shi.

Na san abin da za a ce. Bature ne, ya zo ya tara kayanmu, yau ɗaruruwansu suna British Museum, ɗan Dungas ba zai gan su ba sai da biza da kuɗin jirgi, to me zai sa mu yabe shi? Ƙorafin na da tushe, ban kuma ɗauke shi da wasa ba. Abin takaici ne a ce mai son ganin aikin iyayensa a jere sai ya je Landan. Amma adalci ya sa a bambanta. Tagullar Benin da bindiga aka ɗauke ta, aka ƙone gari aka kori sarki. Kayan Heathcote na zamanin da Nijeriya ke da 'yancinta ne, kuma mafi yawansu irin waɗanda ake yi don sayarwa ne. Sannan mu tambayi kanmu, rigunan da ba su tafi ba, ina suke? Tufa ba tagulla ba ce. Ana sa ta har ta mutu, a rage ta a yi wa yaro, a raba ta a gado, gara da asu su cinye wadda aka ɓoye a adaka. Al'adarmu ta kyautar riga, wadda ita ta raya sana'ar, ita ce kuma ke hana riga zama wuri guda har ta tsufa tare da labarinta. Shi ya sa tarin da aka san wurin samunsa da lokacinsa ya zama abin gwaji. Idan aka fito da tsohuwar riga daga wani gida a Wacha ko Bande, da shi za a auna a ce wannan ta yi kama da aikin Kano na shekarun 1970, wannan kuwa ba ta yi kama da komai a can ba, a nemo inda ta fito. Abin da ya cancanci a nema da babbar murya shi ne hotunan kayan da bayanansu su zo hannun jami'o'in Zinder da Zariya da gidajen tarihinmu, a fassara rubuce-rubucen zuwa Hausa, a kuma riƙa kawo kayan ana nuna su a ƙasar da aka yi su.

Akwai suka da ta fi wannan zurfi. Masu ita suna cewa raba fasaha da sana'a tunanin Turai ne, maɗinki abinci yake nema, bai taɓa ɗaukar kansa mai aikin gidan nuni ba, don haka rataye rigarsa a bango a haska mata fitila juya ma'anarta ne. Akwai gaskiya a ciki. Riga a jiki take rayuwa. Sai an naɗe hannuwanta a kafaɗa, mai ita ya taka iska ta shige ta, sannan aikin ke faɗin abin da aka yi shi ya faɗa, wadda aka baje a bango kuwa rabinta ake gani. Amma cewa Bahaushe bai san fifikon aiki a kan aiki ba, ko bai damu da wanda ya yi ba, wannan kam ba haka ba ne. Muna da kalmar gwani, kuma ba kowa ake ba ita ba. Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, Babban Gwani aka kira shi, sunan ya zama sarauta, ya zama unguwa, yana nan har yau. A Nijar, Falke Barmu na garin Yama a ƙasar Tawa ya fara masallacin garinsu a 1962, ginin ya ci kyautar Aga Khan a 1986, kuma mutanen garin da suka damƙa masa aikin sun san hannunsa tun kafin baƙi su zo kallo. Mai sayen hula a kasuwar Magarya yakan juya cikinta ya duba bayan ɗinkin, ya ja ta ya ga ko zaren ya zauna, ya ce wannan hannun ya nuna, wancan ɗanye ne. Sharhin fasaha ke nan yake yi, sai dai a baki yake, kuma abin da ke baki yakan tafi da mai bakin. Abin da tarihin fasaha ya ƙara shi ne riƙe wannan hukunci a takarda, da suna da shekara, yadda jikan mai sayen zai iya zuwa ya yi gardama da shi.

Masu cewa yankin da ke fama da ƙarancin gona da yawan baki, matasansa na tafiya ci-rani, ba shi da lokacin aska takwas, kuma keke da na'ura mai kwamfuta sun riga sun karɓe aikin, a ganina hujjar gaggawa suka kawo, domin masu riƙe da sanin tsufa suke yi. Zuwan keke ma bai yanke tarihin ba. Elisha Renne ta nuna yadda a birnin Zariya, da maza suka koma keke da wasu ayyuka, mata a cikin gida suka ɗauki aikin hannu na manyan riguna, abin da a da ake gani na maza ne. Ga kuma fannin da baƙo namiji ba zai iya shiga sosai ba, duk da Heathcote ya taɓa rubutu kan tufafin mata, tunda iyakarsa zaure: jeren ɗakin amarya, faifan da aka ɗinka da rinanniyar kaba, tabarmar kabar goruba wadda ƙasar nan ke da ita da yawa, zanen ƙwarya, kitso da lalle. Duk suna da fasali masu suna, suna da yayi, suna da gwanaye da unguwa ta sani, kuma a nan ƙauye ya fi birni abin faɗa. Ko ta fuskar abinci aka duba, sanin asali kuɗi ne. Tukwanen Mirya da aikin fatar Zinder sunansu na ƙara musu daraja a kasuwa. Kayan da ba a san garinsu ba kuwa, dillali kan saye su da araha a ƙauye, ya tsallaka da su ta Maigatari ko Babura, su isa Kano su zama aikin Kano.

Aikin ba ya neman kuɗin da ya fi ƙarfinmu. Heathcote da littafin rubutu da kyamara ya yi nasa, yau kuwa kyamara na aljihun kowane ɗalibi. Dungas ta zama gunduma mai zaman kanta tun 2011, Zinder na da jami'a mai ɗauke da sunan André Salifou. Ɗalibi ɗan Dogo-Dogo ko Malawa ko Tsatsumburum yana da abin da Baturen bai samu ba, domin harshen nasa ne, mutanen nasa ne, ɗaliba kuma tana shiga har ƙuryar ɗaki. Tarko guda nake jin tsoro, wato a ɗauki littafin 1976 a mayar da shi ma'aunin Hausa ta gaskiya, duk abin da aka samu a Guci ko Kwaya da bai dace da shi ba a ce kuskure ne ko ƙauyanci. Wanda ya yi haka ya karɓi amsoshin mutumin ya yar da tambayoyinsa, alhali inda kayan nan suka saɓa wa na Kano, nan ya fi cancanta a tsaya. A je gidan sarki da gidajen tsofaffin fatake a roƙi a fito da rigunan da ke adaka. A ɗauki hoton gaba da baya da bakin aljihu, inda wani lokaci ragowar tawadar mai zane ke nan a gefen zare ba ta goge ba. A tambayi wa ya ba da ita, a wace Sallah ko wane naɗi, a wace kasuwa aka saye ta, da sefa ko da naira. A zauna da tsohon maɗinki a miƙa masa takarda ya ja fasalin da ya koya wurin maigidansa, ya faɗi sunan kowane yanki da bakinsa, a rubuta yadda ya faɗa da Hausar Damagaram ko ta Daura, kada a gyara masa zuwa ta Kano. Sannan a ƙasan takardar a sa sunansa, da na wanda ya koya masa, da garin da wancan ya fito.